Ƙahon da Jibo Bai Ji Ba

A bayan mangazar kawunta, babban ɗakin da yake ajiyar albasa, inda inuwar bango ta rage kamar faɗin tabarma, Zalika ta ga takalma an jera su ƙafa da ƙafa. Irin na taya ne, sun ci ƙasa har dugadugansu sun yi rami. Igiyar na hagu ta tsinke an ɗaure ta da jar waya, kuma wayar tata ce, guntun da ta yanke ta yar ranar da take haɗa na'urarta. Ta yi murmushi. A duk ƙauyen Gidan Maikano, Baba Jibo ne kaɗai zai tsinci guntun waya ya hana ta tafiya a banza. Ta gyara tabarau ta wuce, don ranar kasuwa ce, tana son ta riski mai sayar da ruwan batir kafin ya naɗe kayansa.

Shekarar ba ta yi wa ɗalibai daɗi ba. Malamai sun shiga yajin aiki, aka rufe makarantu, aka ce kowa ya koma gida sai an neme shi. Zalika ta baro Yamai da akwatin tufafi da wani ɗan kwali da ta hana a ɗora saman mota, ta rungume shi a cinya tun daga tasha har Dogarawa, inda ake sauka a nufi ƙauyensu. Aikinta na ƙarshen karatu ne a ciki, wanda za ta kai gaban malamai in an buɗe lakwal: allon lantarki mai faɗin tafin hannu, da wani baƙin abu a tsakiyarsa mai ƙafafu jere kamar shanshani. Mikro suke ce masa. Malaminsu ya zo da ƴan kaɗan daga Turai, ya ba kowane ɗalibi ɗaya, ya ce wanda ya ƙona nasa ya ƙona shekararsa. A kwamfutar lakwal ta rubuta masa abin da zai yi ta ɗura masa a ka, kuma a nan ƙauye babu yadda za a sauya masa ko harafi.

Gadi ta koya masa. In an buɗe ƙofa, zai fara ɗan kuka irin na gyare, ya ba mutum lokacin da ya isa a karanta Fatiha a natse. In mai gida ne, sai ya danna maɓallai bisa tsarin da ya sani, abin ya yi shiru. In ba a danna ba sai ya saki ƙaho, kuma ko an mayar da ƙofa an rufe ba zai daina ba. Wannan ɗan kukan gargaɗi shi ta fi alfahari da shi. Takan ce a ranta na'urarta mai ladabi ce, ba ta yi wa mutum ihu sai ta fara yi masa sallama.

Kawunta Alhaji Na'Allah ne ya ba ta inda za ta gwada. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa albasa ta yi daraja, manyan motoci suka riƙa zuwa daga bakin teku suna jeruwa a gefen gudurò, wato kwalta, ɓarayi kuma suka gano hanyar mangazu. An sha shiga ta Alhaji.

"Wanga ɗan ƙwaro na zai yi min gadi?" Alhaji ya tambaya, yana riƙe da allon nesa da hancinsa kamar zai cije shi.

"In kun ba ni batir da ƙahon motar kamyo, Kawu."

"Ba shi barci? Ba shi zuwa biki? Ba shi da ƙane ɓarawo?"

"Ba shi da kowa."

"To ya hi mai gadin da na kora."

Mutari, ɗan Alhaji, shi ya ɗauko batirin a bayan motonsa, babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, shi kuma ya hau rufi ya ɗaure ƙahon. Taubashinta ne, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Injiniya," ya ce daga saman rufi, "in wanga abu ya tashe ni barci a banza, ke da shi zan ɗaure a moto in ƙetara Najeriya in sayar."

"Wa zai sayi kayan lantarki ga wanda anka kora aji uku?"

"An kore ni, na yarda. Ke kuma malamanki ne sunka gudu sunka bar ki."

Da suka gwada, jakunan bakin kasuwa suka tsinke dabaibayi, wata tsohuwa ta yar da ƙwaryar nono, yara suka yi ta birgima don dariya. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Ya kira mai walda ya yi wa na'urar da batirin akwatin ƙarfe a jikin bango daga ciki, kusa da babbar ƙofa, aka sa kwaɗo, aka bi da wayoyin cikin bututu don kada ɓarawo ya yanke. Ƴar taga mai raga kawai aka bari, wadda Zalika ta roƙa don allon ya sha iska.

Mutari ne ya fara daina dariya. Cikin buhunan da aka sace har da nasa, noman rani guda da ya yi da hannunsa. Ya je gindin sikeli ya ɗauko dutsen awo, baƙin ƙarfe mai mariƙi, ya jinjina shi.

"In na kama ɓarawon, wallahi ba ni kashe shi," ya ce wa samarin da suka taru. "Hannuwa nai zan aza bisa siminti in daka su, ɗaya bayan ɗaya. Shi tahi shi ci tuwo da baki kamar akuya."

Samari suka yi shewa. Zalika ta ɗauke shi cika baki irin na Mutari, ta ci gaba da naɗe wayoyinta.

Alhaji ya sa mai shela ya zagaya gari da gangarsa, ya kuma ce ya riƙa maimaitawa duk ranar kasuwa don baƙi su ji, tunda su ake zargi: duk wanda ƙaho ya kama a mangazar Alhaji ɓarawo ne, kada a tsaya tambayarsa. A Gidan Maikano, abin da aka yi shelarsa kowa ya san shi ke nan, ba a sake bin mutum gida a gaya masa. Ranar Jibo na zaune a gindin bishiyar bedi a ƙofar masallaci, yana kallon hannun mai shela na hawa da sauka a kan ganga. Har ya gyaɗa masa kai da zai wuce.

Jibo kurma ne tun haihuwa. Da hannu yake magana, da hannu yake cin abinci, don shi ke juya albasar Alhaji yana tsince ruɓaɓɓu tun kafin a haifi Zalika. Ba shi da ranar aiki. In ya zo wucewa hancinsa ya jiyo ruɓa, sai ya zaro ɗan mabuɗin da ke rataye a wuyansa ya shiga ta ƙaramar ƙofar baya. Matarsa Kyauta ce ke kai masa labarin gari, ita ta san kowane motsin yatsunsa, amma tana Illela wurin ɗiyarsu da ta haihu. Alhaji ya ɗauka Mutari ya nuna masa. Mutari bai ma tuna da shi ba. Zalika da hannunta ta sa wa ƙofar bayan waya, ba ta tambayi wa ke shiga ta nan ba. Albasar kuwa sabuwa ce lokacin, ba ta nemi juyi ba sai da ruwan farko ya sauka a wannan makon, iska ta yi nauyi.

Tana tsugune gaban mai ruwan batir, can ƙarshen kasuwa wajen maƙera, ƙahon ya tashi.

Abin da ya fara zuwa mata farin ciki ne. Ta miƙe zumbur, bakinta ya ce, "Ta yi!" ba tare da ta sa shi ba. Mutane suka fara gudu ta gefenta, wani ya fizgi itacen rumfa, wani ya sunkuya ya ɗauki dutse bai rage gudu ba. Sai takalman suka faɗo mata a rai. Jibo ba ya shiga cikin albasa da takalmi, a ƙofa yake cire su kamar mai shiga masallaci.

Alhaji yana Konni wurin ƴan duwan, wato ƴan kwastan. Dattawan gari sun tafi jana'iza ƙauyen gaba tun hantsi. Waɗanda ke kusa da mangaza a wannan lokaci ƴan lodi ne da yaran mota, baƙi daga nan da can, kuma da safiyar nan mai shela ya bi ta gabansu.

Ta tattare zane ta ruga. Ba mai gudu ba ce. Ta tsallake tulin albasa, ta taka wata ta zame ta faɗi bisa gwiwa, ta tashi. Ƙahon yana yi yana ɗan numfasawa, haka ta tsara shi don kada ya ƙone, amma numfashin bai isa mutum ya faɗi kalma biyu ba.

Da ta iso sun riga sun jawo shi waje ta ƙafa. Kwandonsa na kife, albasa ta watse a ƙasa, babu wanda ya duba ya ga ruɓaɓɓu ne. Sun kifa masa buhu a ka sun ɗaure a wuya, yadda ake yi wa ɓarawo don kada ya ga fuskar mai dukansa ya kai sunansa wurin jami'an tsaro a jandarmari. A ƙarƙashin buhun kuma akwai tsumman da yakan ɗaure hanci da baki saboda wari. Rigarsa ta yage har cibiya. Wani dogo mai jar hula yana zuba masa bel ta wajen ƙarfen, wani na harbinsa a haƙarƙari, duk harbi sai jikin ya naɗe ya sake miƙewa. Wani yaron mota ya zo da ƙarfen cire taya yana neman inda zai samu wuri.

"Jibo na! Ku bari, Ji..."

Ƙaho ya haɗiye sauran. Ta kama hannun mai jar hula, ya yarfe ta bai ko waiwayo ba. Ta sake kutsawa, gwiwar hannun wani ta same ta a fuska, tabarau ya tsage ya faɗi cikin ƙafafu. Ta ji gishirin jini a baki.

Jibo ya ɗaga hannuwansa sama. Ko da idonta ba tabarau ta gane magana yake yi, yana nuna ƙirjinsa, yana nuna mangaza, yana juya tafi kamar mai juya albasa, da sauri, yana maimaitawa. Wani ɗan lodi ya ja da baya a tsorace. A ɗan numfashin ƙaho ta ji ya ce, "Asiri! Zai ɓace!" Mutum huɗu suka faɗa wa hannuwan, suka danne shi rubda ciki, suka ja shi zuwa dandamalin siminti inda ake aza sikeli.

Sai ta ga taron ya dare gida biyu. Mutari ne ke tahowa, bai ko kashe motonsa ba ya yar da shi a gefen gudurò, dutsen awo na rinjayar kafaɗarsa.

Ta sha gabansa ta cakumi rigarsa da hannu biyu. Ta sa bakinta a kunnensa ta ƙwala sunan Jibo har maƙogwaronta ya yi zafi. Ya dube ta, ya ga jini a leɓenta, fuskarsa ta ƙara ɗaurewa, ya nuna mutumin da ke ƙasa yana tambayarta da ido ko shi ya yi mata haka. Ta girgiza kai, ta toshe kunnuwanta da yatsu tana nuna masa kurma. Ya ɗauka ƙarar ce ta dame ta. Ya dafa kanta kamar yadda ake lallashin yarinya, ya ture ta gefe da ƙarfi, samari biyu suka rufe bayansa.

Ta tsaya tana haki. Tsakaninta da Jibo bayan mutane ne kamar katanga, tsakaninta da ƙofar baya kuwa babu kowa. Muddin ƙahon na yi, duk wanda ke filin nan kurma ne. Ta juya ta shiga mangaza.

Ciki duhu ne da zafi da warin albasa. Ƙarar a nan ta fi, rufin kwano na karkarwa, ƙura na zubowa. Ta bi tsakanin tanka tana lalube, ta yi karo da turke, albasa ta gangaro mata a ƙafa. Maɓallan na can jikin babbar ƙofa. Ta same su da yatsu, ta fara dannawa, cikin gaggawa ta danna na biyu sau biyu.

Ta san abin da zai biyo baya, don ita ta rubuta shi. Wanda ya yi kuskure, na'urar takan ɗauke shi ɓarawo mai gwada sa'a, ta toshe maɓallan na tsawon lokaci. Malaminta har yaba mata ya yi a kan wannan dabara. Ta sake dannawa daidai, ta sake, ta doke su da tafin hannu. Ko gezau.

Mabuɗin akwatin na aljihun Alhaji a Konni. Ta ja bututun wayoyi, mai walda ya yi aikinsa da gaskiya. Ƙafarta ta taɓa ƙarfen da ake tokare babbar ƙofa da shi, dogo mai tsini. Ta ɗauke shi. Ta san inda allon yake a bayan ragar, ta san inda mikro ɗin ya zauna a kan allon, ita ta like kowace ƙafa tasa da dalma a ɗakin kwanan ɗalibai, tana riƙe numfashi. Ta saita tsinin a kan raga ta soka da duk nauyinta.

Wuta ta yi tartsatsi. Ƙahon ya daina numfasawa, ya miƙe da kuka ɗaya dogo kamar an taka shi. Ta zare ƙarfen ta sake sokawa, ta murɗa, ta ji abu na farfashewa a ciki, ta sake. Warin ƙonanniyar roba ya taso. Ƙaho ya yi wani gurnani ya mutu.

Shirun ya zo wa mutane ba shiri, filin ya yi tsit. A cikin wannan tsit ɗin ta ji ƙarfe ya sauka bisa siminti da wani abu mai taushi a tsakaninsu. Sai wata murya ta fito daga cikin buhu, doguwa, ba kalma a cikinta, mai hawa tana karyewa. Babu ɗan Gidan Maikano da bai san wannan murya ba. Da ita Jibo ke korar awaki daga shanya, da ita yake dariya ranar sallah.

Ta fito da gudu. Mutari na durƙushe, dutsen awo a sama da kansa, bakinsa buɗe. Hannun daman Jibo na shimfiɗe a kan siminti, ba ya kama da hannu. Wani ɗan lodi ya taka na hagun a wuyan hannu yana jira.

"Baba Jibo na!" Muryarta ta dishe amma ta fita. "Kurma na! Mai juya albasar gidan na!"

Dutsen ya suɓuce daga hannun Mutari ta baya, ya faɗi ƙasa.

"Kurman uwar wa?" in ji mai jar hula. "Duk ɓarawon da anka kama kurma ya ka zama. Abokina, in ka gaji ba ni." Ya sunkuya ya ɗauki dutsen.

Zalika ta faɗa kan Jibo, ta rufe hannun hagun da ƙirjinta. Mai jar hula ya riga ya sako. Ya so ya janye, dutsen ya goge ta a kafaɗa ya sauka a gefen yatsun da suka leƙo. Wani abu ya ƙara a cikin kafaɗarta, hannunta ya mutu har yatsu, ta ga fari ta ga baƙi, amma ba ta ɗaga ba.

Mutari ya tashi da wani irin ihu ya sa kai a cikin mai jar hula, suka zube tare. Ya hau ruwan cikinsa yana naushi, yana naushi, har haƙori ya fito ya faɗi a ƙasa. Ƴan lodi suka rufar masa. Yaron motar nan ya samu inda zai sa ƙarfen tayarsa, ya sauke shi a goshin Mutari, fatar ta buɗe, jini ya rufe masa ido ɗaya. Samarin gari da suka gane abin da ya faru suka juya sandunansu kan baƙi, waɗanda ɗazu suke kafaɗa da kafaɗa da su. Aka kifar da sikeli. Wani ya fasa gilashin kamyo da dutse. Wani ɗan lodi ya zauna a ƙasa riƙe da kunnensa da ya rage a rataye, yana kiran uwarsa.

Matan kasuwa ne suka raba, masu tuwo da masu nono, da muciya da itacen wuta, suna kururuwa suna kiran sunan Jibo. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta tsuguna ta kwance igiyar buhun da haƙori, ta zare shi, ta cire tsumman da ya jiƙe. Jibo ya ƙifta ido cikin rana. Bai dubi hannunsa ba. Ya bi filin da kallo, mutum bayan mutum, har idonsa ya tsaya a kan Mutari, wanda ke tsaye tsakaninsa da baƙi, jini har ƙirji, yana jifan su da duk abin da hannunsa ya samu.

Kafin dattawa su dawo daga jana'iza motocin sun tashi, wasu ko rabin lodi ba su yi ba.

A bayan wata bashe, ƴar motar a-kori-kura, aka kai su likitar Dogarawa, majo, babban malamin asibitin, ya duba ya ɗaure abin da zai ɗauru, ya ce a wuce Konni. A can aka shiga da Jibo ɗakin fiɗa. Zalika aka ɗaure mata kafaɗa aka rataye hannun a wuya, ta ƙi kwanciya, ta zauna a kan benci. Alhaji ya zo da la'asar, babbar rigarsa ta jiƙe da zufa, yana ta faɗin "Innalillahi" yana cewa ai an yi shela, gari duka ya ji. Da ya ga babu mai amsa masa sai ya zauna. Can ya tambaye ta a hankali ko na'urar za ta gyaru. Ta ce a'a.

Washegari da hantsi Kyauta ta iso daga Illela, da ƙullin kayanta a ka, ba ta ko sauke ba ta shiga ɗakin. Ƴar gajeruwa ce mai kaifin baki, amma da ta ga gadon sai ta tsaya. An yanke hannun dama daga wuyan hannu. Na hagu na naɗe cikin farin bandeji har gwiwa, babban yatsa da manuni kawai suka leƙo, sauran an ɗaure su da itace, likita ya ce sai an ga yadda za su kama.

Ta sauke ƙullin. Ta dubi Zalika da ke zaune a gefen gado, ta dubi hannunta da ke rataye.

"Ke ta ɗiyar Shatu mai injin?"

"Ni ta, Inna."

"An ce ke kinka kwanta bisa hannu nai."

Zalika ta sunkuyar da kai.

"An kuma ce ke kinka haɗa abin."

"Ni na haɗa shi."

Kyauta ta sake dubanta. Sannan ta ce, "Matsa min," ta zauna a inda Zalika ta tashi, ta ɗora tafinta a ƙirjin mijinta.

Jibo ya buɗe ido. Fuskarsa ta kumbura, leɓensa ya tsage, amma da ya ga Kyauta sai ya yunƙura. Ya ɗaga hannuwan biyu zai ba ta labari, kamar yadda ya saba duk ranar da ta dawo daga tafiya. Dungulmin ya motsa a iska, yatsu biyun suka buɗe suka rufe. Kyauta ta ƙura ido, ta matso, ta girgiza kai. Ya sake. Ta sake girgiza kai, ta ce da baki, ita da ba ta taɓa yi masa magana da baki ba, "Ban gane ba, Jibo." Ya sauke hannuwan a kan zane, yana kallon silin.

Inuwa ta tsaya a ƙofa. Mutari ne, an ɗinke masa goshi, ido ɗaya a rufe, yana riƙe da kwanon fura da ya sayo. Bai shigo ba. Tun jiya yake zagayen asibitin, Zalika ta hango shi ta taga sau da yawa a gindin bishiya.

Jibo ya gan shi. Fuskarsa ta saki. Ya ɗaga dungulmin dama ya miƙe shi gaba, yana ƙoƙarin murɗa shi, gwiwar hannun na juyawa, zafi ya sa shi runtse ido amma bai bari ba. Sannan ya kai yatsu biyun hagu ya taɓa goshinsa daidai inda aka fasa wa Mutari, ya sauke su a kan zuciyarsa.

Wannan Kyauta ta gane. Ta juya wajen ƙofa.

"Kai shika kira, ɗan Alhaji. Haka shika hwaɗin sunanka, murɗa moto." Ta share ido da bakin mayafi. "Ya ce ya gan ka. Ya ce da anka buɗe mai huska kai kaɗai yag gani kana hwaɗa domin shi. Shigo mana, godiya shika yi maka. Allah shi yi maka albarka, shi ba ka ɗiyan da za su tsaya maka haka."

Mutari ya dubi Zalika. Ba ta kau da kai ba, ba ta kuma tona shi ba. Jibo na ta kiransa da yatsu biyu, yana murmushi da tsagaggen leɓe.

Ya sunkuya ya ajiye kwanon furar a bakin ƙofa, a hankali, don kada ya yi ƙara. Ta taga Zalika ta ga ya ratsa filin asibitin zuwa inda ya jingine motonsa. Ya kama kan moton ya tsaya, hannunsa na dama a kan mariƙi. Bai tayar ba. Ya tura shi a ƙasa ya fita ta ƙofar asibitin, ya bi gefen hanya.